Wuƙaƙen Rugar Baffa Buba

Ku samarin da ke zama a kan bencin ƙofar gidanmu kuna kallon wuƙaƙen Turawa a waya, ku nake yi wa wannan rubutu. Karatuna bai yi nisa ba, in kun ga harafi ya karkace ku miƙar da shi da kanku. Sunana Balaraba, 'yar Malam Idi Maƙeri, matar Sani tela, uwar Ummi. Sana'ata ita ce sa wa wuƙa mai naɗewa sakata. Jiya ɗaya daga cikinku ya ɗauki wadda na gama, ya buɗe, ya rufe, ya ce ai ɗan ƙarfe ne kawai ke faɗawa cikin rami, shi ma da zai samu magagari da ya yi irinta kafin la'asar. A lokacin idona na kan Ummi, ta doshi buhun gawayi da baki buɗe. Yanzu ta yi barci, to ga amsata.

Wuƙar farko da Baba ya yarda na taɓa ta wani mahauci ce, irin mai zobe a baya. Mahaucin ya ce tana rufewa da kanta in ya kai ga ƙashi. Baba bai ko buɗe ta ba, ya miƙo min ya ce in gaya masa ciwonta. Na juya ta, na ce kaifinta ya dakushe. Ya ce ba kaifi ya tambaye ni ba. Ya sa na kai ta jikin kunnena na buɗe a hankali har ƙarshe. Ban ji komai ba. Ya zaro tasa daga aljihu ya buɗe min a kunne, sai na ji ƙas, gajere, busasshe, kamar an karya tsinken tsintsiya. Ya ce to wannan ƙarar ce ta ɓace wa mahauci, ita zan nemo masa. Sai da na lalata guntayen ƙarfe cike da gwangwanin madara kafin na same ta.

Ga abin da ba ku lura da shi ba. Wuƙa mai kube ƙarfe ɗaya ce tun daga tsini har ƙota, ba ta da inda za ta ci amanarka. Mai naɗewa kuwa a rabe take biyu, ƙusa ce ta haɗa ta, kuma ramin da kaifin ke komawa ya kwanta, a nan yatsunka suke riƙe. Babu komai tsakanin kaifi da yatsu sai sakata, wato ɗan haƙorin ƙarfe da ke faɗawa cikin gurbin da aka yanka a gindin ruwan wuƙar. In gurbin ya yi faɗi, wuƙa ta riƙa rawa a hannu. In bai yi zurfi ba, haƙorin ya tsaya a baki, kana dannawa ya zame. In bangon gurbin ya ɗan kwanta, nauyin aiki da kansa zai turo haƙorin waje. Ka ƙara guga ɗaya fiye da kima, ka ɓata ruwan da Baba ya yini yana ƙerawa, kuma ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa.

Ni ba na ƙira. Ban taɓa ɗaga masaba a kan uwar maƙera ba. Wannan har yau Baba ke yi, yana gane zafin ƙarfe da fatar fuskarsa. Ƙaramin aiki ne ya gagare shi, tun da yanar ido ta fara kama shi. Yayyena maza sun tafi ramin zinare, sun ce ƙira ba ta sayen babur. Ni kuwa katanga ɗaya ce tsakanin gidan mijina da na Baba, sai Sani ya fasa 'yar ƙofa, ya ce gara in je in riƙa goga ƙarfe da in zauna ina leƙa hancin Ummi in ga ko tana numfashi. Wurina a cikin zaure yake, bayan labulen buhu, turmi a kife shi ne teburina. Ina jin muryar duk wanda ya zo rumfar Baba, shi ba ya ganina.

Kafin in zauna sai na share ƙasa, in na tashi in sake sharewa, saboda garin ƙarfe da ƙafar yarinya. Duk wuƙa, gamammiya ko wadda ba a sa wa ƙota ba, tana cikin tsohon kwano a kan wata 'yar taga can sama, inda ni kaina sai na taka kujera. Matan gidanmu suna min dariya, wai wata rana zan rataye Ummin ita ma a sama don kada ƙasa ta taɓa ta. Ku riƙe zancen wannan taga, za mu dawo gare ta.

Ruwan wuƙa daga sifirin ɗin mota Baba ke fitar da shi. Ƙota daga ƙahon saniya, ko icen kirya in an samu. Ƙarfen baya, wanda ke danna haƙori cikin gurbi, shi ne mai wuyar sha'ani. In ya yi taushi ya gaji ya saki, in ya yi tauri ya ɓalle rana ɗaya ba sallama. Bayan an tsoma shi a ruwa sai a mayar da shi gefen garwashi, ni ke tsayawa a kansa ina kallon launi yana tafiya, daga na kara busasshe, ya koma ja-ja, har ya kai launin wuyan tattabara. A nan nake cewa Baba ya ɗauke. In hankalina ya tafi wajen kukan yarinya na juya, launi ya wuce, sai a sake daga farko. Man da nake ɗiga wa ƙusa kuwa na keken ɗinkin Sani ne, ɗigo guda, shi ma yana ƙorafin kwalbarsa na ƙarewa ba tare da ya yi ɗinki ba.

Wani mai ɗebo zuma daga wajen Tabanni ya taɓa kawo min irin wadda kuke yabo a waya, mai ƙyalli, mai buɗewa da yatsa ɗaya. Sakatarta wani siririn falle ne a cikin ƙota, bai fi murfin gwangwani kauri ba. Ya ce yana saman bishiya ya cusa tsininta a amya zai ɓanɓare murfi, ta lanƙwashe, Allah ya sa yatsunsa na gefe. Irin wannan ta fere lemu ce. Akwai mara sakata ɗungurum, wadda ƙarfen baya kawai ke riƙewa, ita ma ba laifi in yanka za ka yi gaba, amma kada ka soka ta a abu. Mai zobe da mai dannawa a baya su ne na aikin ƙarfi, don haƙorinsu na shiga gurbi ya zauna daram, sai ka ɗaga shi da kanka. Su muke yi wa mahauta, da masu yankan kaba, da masu sassaƙa ƙotar fartanya.

Babu wuƙar da ke fita gidanmu ba ta sha duka ba. Baba zai buɗe ta, ya riƙe ƙota ta gefe, yatsunsa a sama ba a bakin rami ba, ya buga bayan ruwan a kan kututturen kirya, ya sake bugawa, har sai ya gamsu. Wadda ta rufe, ta dawo turmina. Yakan ce wa mai saye, wuƙar da za ta ji kunya gara ta ji a nan. Ranar da aikina ya fara tsallake kututture ba a dawo min da shi ba, bai yabe ni ba, ƙosai kawai ya aika aka sayo, ya ce na Ummi ne, alhali a lokacin ko haƙori ba ta da shi.

Sai mummunar shekara ta zo. Ba sai na ba ku labarinta ba, kuna nan. Hanya ta rufe, gonakin bakin daji suka koma ciyawa, mutanen wajen Dogon Dawa suka cika makarantu da kayansu. Mai gawayi ya daina shiga daji, mai kawo tsohon ƙarfe ya daina zuwa. Makiyayan da suka saba sauka rumfar Baba su sha ruwa, aka daina ganinsu, mu muna tsoronsu, su ma suna tsoron shigowa gari. Wutar maƙera ta yi ta kwana a mace. Baba ya koma gyaran bakin tukunya da hannun bokiti. Ni kuma don kada hannuna ya manta, na kwance tsohuwar wuƙarsa na ɗaura, na sake kwancewa, har ya ce in ƙyale masa ita haka nan kafin ta gaji da ni.

Da aka samu sauƙi kasuwa ta dawo, dattawa suka ce kowa ya bar doguwar wuƙa da adda a gida ranar kasuwa, don hankalin kowa ya kwanta. Makiyayi kuwa ba ya tafiya ba abin yanka igiya. Nan ne Baffa Buba ya zo. Dattijo ne dogo, abokin Baba tun suna samari, rugarsa na bakin daji. Suka daɗe riƙe da hannun juna. Daga baya ya ce yana son ƙananan wuƙaƙe masu naɗewa, waɗanda ke kwanciya a aljihu, shi da 'ya'yansa da surukansa. Su ba su taɓa riƙe irinsu ba, duk rayuwarsu masu kube suka sani. Ya kawo ƙahonnin shanunsa aka yi ƙota. Na zuba duk abin da na iya a kansu, kowace ta sha duka a kututture ta tsallake. Wasu rugage suka gani suka fara aiko da nasu ƙahonnin. Baba ya sayi gawayi buhu-buhu, har ya fara waƙa yana zuga wuta.

Da sanyi ya shigo, autan Baffa, Hamadu, magidanci ne mai faɗin kafaɗa da son raha, ya dawo da tasa. Ya ce da safe ta rufe masa yana fiƙe turke, saura kaɗan. Rana ta take a lokacin, ya ajiye ta a bakin murhu suna gaisawa. Baba ya ɗauka ya buɗe, ta yi ƙara, ko da yake ni daga bayan labule na ji ƙarar ta ɗan yi nauyi. Ya buga ta a kututture, ta tsaya. Ya ce wa Hamadu lafiyarta ƙalau, wataƙila bai buɗe ta har ƙarshe ba. Hamadu ya yi dariya ya ce to, shi dai ya san ya iya buɗe wuƙa, ya mayar da ita aljihu.

Ba a daɗe ba Baffa Buba ya zo da kansa, Hamadu na bayansa, hannu a naɗe da bandeji. Da sassafe wata saniya ta harɗe da igiya, ta shaƙe ta a wuya. Hamadu ya cusa tsinin wuƙa ƙarƙashin igiyar ya ɗaga, wuƙa ta rufe a kan yatsunsa biyu. Sai da aka ɗinke a asibiti. Baffa ya ajiye wuƙar a kan tabarma, da wasu biyu da ya ce su ma sun fara. Bai ɗaga murya ba.

"Malam Idi, ni da kai mun daɗe. Ba zan kai maganar nan kasuwa ba. Amma yatsun ɗana ba na aro ba ne. Kasuwa mai zuwa zan tattaro sauran in kawo maka."

Shi bai kai magana kasuwa ba, amma magana ta kai kanta. A rugage samari suka fara cewa da gangan mutanen gari suka sayar musu da lalatattu. A cikin gari kuma aka ce ai dama aikin mace ne. Waɗanda suka aiko da ƙahonni suka aiko a mayar musu. Baba ya lalubi gurbin wuƙar Hamadu da babban yatsansa, ya ce bai yi zurfi ba. Ni ma na leƙa, na ga gindin gurbin baƙi, a cike, kamar ƙarfen da ban gama ci ba. Bai yi min faɗa ba. Ya ce in ajiye magagari tukuna, kuma in makiyaya suka juya mana baya, mahautan gari kaɗai ba za su riƙe wutar nan ba, gara ya kashe ta da mutuncinsa. Na ɗauki wuƙaƙen da aka dawo da su na taka kujera na sa su a kwanon taga, tare da sababbin da ba a karɓa ba.

Ranar kasuwar, da sassafe, sanyi na cizo, na shigo zaure zan yi shara ko da ba aiki. Na sauke Ummi a tabarma, sai ta fasa ihu tana murza ƙafa. Kiyashi ne. Duk wanda ya san ni ya san ba na barin abin da ya ciji 'yata ya kwana da rai. Na ɗauki tsintsiya na bi layinsu, daga gindin tabarma zuwa bango, daga bango suka miƙe sama, har taga. Na yi mamaki, don ba na ajiye abin ci a can. Na taka kujera na sauko da kwano. Kiyashin sun tsallake sababbin wuƙaƙe kamar ba su gan su ba. Waɗanda suka dawo daga ruga suka yi wa caa, kuma ba a kan ƙota ba, a cikin gurbin sakata suke shiga suna fita.

Kiyashi ba ya cin ƙarfe. Na kai wuƙar Hamadu hanci, na ji wari irin na tsohuwar ƙwaryar nono. Na buɗe ta a kunne, shiru, ba ƙas. Na sa tsinke a gurbin, abin da na ɗauka ƙarfe ne ya ɓanɓaro, baƙi, da tauri kamar busasshen sabulu, da gashin saniya da zaren aljihu a ciki. Na ɗebo ruwan zafin kokon Ummi na tsoma ta. Sai ga idanun mai, rawaya-rawaya, suna tasowa sama. Na goge, na buɗe. Ƙas. A nan na gane dalilin da ya sa ta tsaya wa Baba a bakin murhu da rana, ta kuma ci amanar Hamadu da asuba. Zafi na narkar da man, haƙori ya nutse ya zauna. Sanyi na daskarar da shi, haƙori ya tsaya a baki.

Sauran aiki shi ne yadda za a faɗa. Na san hannun da ke shafa mai a rugar Baffa. Inna Dije ce, uwar Hamadu, wadda ke shigo mana da nono tun ina goye. Ranar ma ita ta riga maza isowa, ta shigo cikin gida don ba ta iya wuce ƙofarmu ba ta leƙo ba, amma ba ta zauna ba, gaisuwarta gajera. Na shimfiɗa mata tabarma na ce a zuba min nono.

"Inna, me kike shafa wa ƙwaryar nan take sheƙi haka?"

"Man shanu mana, 'yata. Me kuma?"

"Sandar Baffa fa?"

"Shi ne dai."

"Wuƙar Hamadu fa?"

Ludayi ya tsaya a hannunta. Ta ce haka uwarta ke yi wa wuƙaƙen gidansu, haka ita ma take yi tun da aka kawo ta, ƙarfe ba ya tsatsa in ya sha mai. Waɗannan sababbin kuwa ta ga suna da tsaga a baya, a bushe kamar faso, sai take cusa musu da gashin kaza har su ƙoshi, duk yamma in maza sun dawo kiwo. Na ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda ban wanke ba, na tsoma a ruwan zafi a gabanta. Ta kalli man yana tasowa. Sannan ta ce ashe ita ta yanki autanta. Na ce mata a'a, mai kube tana son mai, gaskiyarta, wannan ce baƙuwa, kuma mu da muka yi ta ba mu san za a yi mata wannan gata ba balle mu hana. Na ce in tana so sai in ce datti ne kawai ya shiga, ba sai an ambaci mai ba.

Ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "A bar miki sunan mai ɓata aiki don a rufa wa tsohuwa asiri? Riƙe min ƙwaryata."

Ina bayan labule na ji fitarta. Baffa ya riga ya iso, ya zazzage sauran wuƙaƙen a kan tabarma, Hamadu da wasu samarin ruga na tsaye, mahauta biyu sun tsaya kallo. Inna ba ta faɗar sunan mijinta, sai ta fuskanci Baba.

"Maƙeri, gaya wa wannan dattijon ya kwashe kayansa. Wuƙaƙenku lafiya suke. Ni na ɗura musu man shanu har sakatarsu ta kasa zama."

Baffa ya ce ta koma cikin mata, maganar ƙarfe ake yi. Ta ce ita maganar mai take yi, kuma duk wurin nan ba wanda ya kai ta sanin mai. Ta sa aka kawo ruwan randa da ruwan zafi daga wajen mai shayi. Na faɗa wa Baba abin da za a yi ta cikin labule. Ya ɗauki ta Baffa ya jiƙa ta a ruwan sanyi, ya buɗe, shiru, ya buga a kututture, ta rufe nan take. Samarin ruga suka kalli juna. Ya tsoma ta a ruwan zafi, man ya taso har mai shayi ya ce da ya sani da ya kawo burodi. Aka sa tsinke aka share gurbin, aka goge. Baba ya ɗaga ta sama ya buɗe a hankali. Har cikin zaure na ji ƙas.

Duka a kututture bai ishi Baffa ba. Ya karɓi wuƙar ya cusa ruwanta cikin tsagar ginshiƙin rumfa, kaifi na kallon ƙasa, ya sa aka rataya jarka cike da ruwa a ƙotar. Ni dai na rungume Ummi na leƙa ta ramin buhu. Jarka ta yi lilo ta tsaya. Hamadu ya ɗora sandarsa a kai. Baffa ya cire malafarsa ya ɗora, kamar ita ce za ta kayar da ita. Sakata ba ta motsa ba.

Hamadu ya ɗaga yatsunsa masu ɗinki ya ce, "Inna, don Allah in kin ga babur ɗina ya bushe, ki bar shi da ƙishinsa."

Ta kai masa duka da bakin mayafi, rumfa ta ɗauki dariya, har Baffa sai da ya zauna yana share ido. Da dariya ta lafa, Baba ya juyo wajen labule, ya ɗaga murya yadda mahautan za su ji su kai kasuwa.

"Balaraba, gurbinki daidai yake. Yatsana ne ya taɓa mai ya ce ƙarfe ne. Ɗauki magagarinki."

Ranar har la'asar wankin wuƙaƙe muka yi, ni da Inna, ita tana tsomawa ni ina sharewa, Ummi na shan nono tana ɓata riga. Ƙahonnin da aka karɓe suka dawo, da ƙari. Inna ta zama mai wa'azinmu a rugage, duk inda ta kai nono sai ta duba aljihun maza, ta ce a shafa wa sanda, a shafa wa ƙwarya, a bar gurbin sakata a bushe. Tun daga lokacin kuma aka ƙara abu ɗaya a gidanmu. Ba ma gwada wuƙa a bakin murhu. Sai ta kwana a taga ta sha sanyi, da safe ta sha duka, sannan ta fita.

Duk ranar kasuwa Inna na shigowa da ɗan curin man shanu a ganye, ta ajiye a kan turmina ta ce, "Na tuwon Ummi ne. Kada ki ba wuƙa." Ummi kuwa ta koyi abin, ina buɗe wuƙa daga nesa sai ta buga harshe ta yi ƙas, wani lokaci ta riga sakatar.

To, kai da ka ce za ka yi ta kafin la'asar, bismilla. Ka zo gobe da sassafe, kafin rana ta ɗumama ƙarfe. Za ka fara da shara, sannan in buɗe maka wuƙa a kunne har sai ka rabe ƙarar da ta zauna da wadda ta tsaya a baki. Ka zo da yatsunka cikakku, haka nake so ka koma wa mahaifiyarka da su. Ga Ummi can ta motsa, bari in kai magagari taga.